Amsa ga mai son fita waje karatun tarihin Assuriya

Ƙanena, ka ce ka kammala digirin farko a tarihi, kana son fita waje ka karanci daular Assuriya da alaƙarta da labaran Tsohon Alkawari, kana tambayar inda za ka nufa da abin da za ka tanada. Ka sani tun yanzu cewa wannan fanni karatun harshe ne kafin ya zama karatun tarihi. Duk malamin da ka rubuta wa, abin da zai fara dubawa shi ne ko za ka iya karanta allon yumɓu da kanka.

Harshen Assuriyawa shi ne Akadiyanci, ɗan uwan Larabci da Ibrananci, don haka in kana da nahawun Larabci ka riga ka rage hanya, musamman wajen gano tushen kalma mai baƙi uku. Wahalar tana ga rubutun. Ana danna shi ne da tsinken kara a kan ɗanyen yumɓu, ya fito kamar kan ƙusa, kuma alamominsa ɗaruruwa ne. Alama guda tana iya ɗaukar karatu iri-iri. Akwai wadda a wani wuri gaɓa ce kawai, "an", a wani wurin tana nufin sama, a wani kuma ba a furta ta sam, tana nuna cewa sunan da ke biye na abin bauta ne. Yawanci ana fara wa ɗalibi da tsohon karin Babila, ta hanyar dokokin Hammurabi, kafin a kai shi ga Assuriya. A nan mutane da dama suke tuntuɓe: sai su saba da nassin da aka riga aka juyar zuwa baƙaƙen boko, su bar haddar alamomi, ranar da aka miƙa musu hoton allo su rasa ta inda za su fara. Ga shi kuma siffar alamomin zamanin Hammurabi daban take da ta zamanin Nineba, babban birnin Assuriya. Har harshen ma kashi biyu ne: sarakuna suna rubuta tarihin yaƙinsu da Babilancin adabi, wasiƙun gwamnoni da 'yan leƙen asiri kuwa da karin Assuriya na yau da kullum. Ka ware shekara biyu don wannan kaɗai. Sannan ga Ibranancin Littafi Mai Tsarki, ga Jamusanci da Faransanci na karatu, domin manyan ƙamusoshi da rahotannin tono da yawa da su aka rubuta.

Abin da ke sa wahalar ta biya shi ne irin hujjojin da ke jiranka. A wani dutse da aka samo a Kurkh, sarkin Assuriya Shalmanesar na Uku ya lissafa Ahab na Isra'ila cikin sarakunan da suka tare shi a Ƙarƙar a shekarar 853 kafin Miladiyya, yaƙin da Littafin Sarakuna bai ambata ba ko kaɗan. Baƙin dutsen da mai tono ɗan Ingila, Layard, ya tono a Nimrud a 1846 yana nuna mutum durƙushe gaban sarkin, rubutun kuma ya ce harajin Yehu ɗan Omri ne, sarkin Isra'ila. Sargon na Biyu, wanda sunansa ya zo sau ɗaya tak a Ishaya 20:1, fadarsa ce mai tono ɗan Faransa, Botta, ya gano a Khorsabad a 1843, kuma Sargon ya ce ya kwashe mutum 27,290 daga Samariya.

Amma in kana son ganin yadda ake aikin, ka zauna a kan yaƙin Sennakerib, sarkin Assuriya, da Yahuza na 701 kafin Miladiyya. Sennakerib ya ce ya ci garuruwa masu ganuwa 46, ya kwashe mutum 200,150, ya kulle Hezekiya sarkin Yahuza a Urushalima kamar tsuntsu a keji, ya karɓi talanti (ma'aunin nauyi ne) 30 na zinariya da 800 na azurfa. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 18, ya yarda an ci garuruwan, ya yarda da zinariya 30, amma azurfa 300 ya ce. Sura ta 19 ta ce mala'ika ya hallaka 185,000 a sansanin Assuriyawa cikin dare. Ka lura Sennakerib bai ce ya shiga Urushalima ba, alhali sarkin Assuriya ba ya cin gari ya yi shiru. Abin da ya sa aka sassaƙa a bangon fadarsa cin Lakish ne, wani gari na Yahuza: ga tudun ƙasa da aka gina har bakin ganuwa, ga motar fasa bango da soja yana zuba mata ruwa don kada wutar da ake jefowa ta kama ta, ga mata da yara suna fita da ƙunshin kaya. Masu tono sun samu wannan tudun a Lakish ɗin kanta. Aikinka shi ne ka tambayi kowane nassi wa ya rubuta shi, yaushe, don wa. Rubutun sarki kirari ne, ba ya kawo labarin shan kashi. Wanda ya zo da niyyar tabbatar da nassin addini ko ƙaryata shi, takardarsa ba ta wuce teburin farko, kuma ina ganin daidai ne, don ya riga ya yanke hukunci kafin ya karanta.

Shekarun nan kuma ba ƙiyasi ba ne. Assuriyawa suna raɗa wa kowace shekara sunan wani babban jami'i, an samu jerin sunayen, a ciki an ambaci husufin rana wanda masana falaki suka daidaita da 15 ga Yuni, 763 kafin Miladiyya. Daga nan ake ƙirga gaba da baya, har a ɗaure shekarun sarakunan Isra'ila da Yahuza.

Batun wuri, ka fara yanke ko sashen nazarin Assuriya za ka shiga ko na Tsohon Alkawari, don malamansu da kuɗin tallafinsu daban ne. A Jamus ka duba Munich, Heidelberg, Berlin da Leipzig. Yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin makaranta, amma jihar da Heidelberg take tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Kafin biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara a rufaffen asusu; daga Satumban 2024 Yuro 11,904 ne, ana sakar maka 992 a wata, kuma adadin yana hawa, ka tabbatar a ofishin jakadanci. Tallafin DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, yana ɗauke wannan nauyi. Akwai kuma Leiden a Holland da Helsinki a Finland. Oxford da Cambridge suna da kyau, ga gidan tarihi na British Museum da allunan ɗakin karatun sarki Ashurbanipal sama da 30,000 a kusa, amma kuɗin baƙo a Ingila yana da nauyi ƙwarai, kada ka taso babu cikakken tallafi. A Amurka, Chicago, Yale, Pennsylvania da Johns Hopkins suna biyan ɗaliban digiri na uku, sai dai guraben 'yan kaɗan ne, kuma da wuya su ɗauki wanda bai taɓa harshen ba.

Saboda haka ka fara daga gida. Babban ƙamusun Assuriya na Chicago kyauta ne a intanet, haka nassoshin sarakuna da wasiƙun fada a shafin Oracc, da fassararsu. Ka ɗauki rubutun Sennakerib na 701, ka jera shi da 2 Sarakuna 18 da 19 da Ishaya 36 da 37, ka rubuta shafi goma sha biyar a kan inda suka haɗu da inda suka rabu. Shi za ka haɗa da wasiƙarka ga malami, gajeriya, mai faɗin darasin nahawun da ka kai.

Aikin yi bayan kammalawa kaɗan ne, wannan gaskiya ce. In kana da Larabci, nan ma zai taimake ka, domin an koma tono a Nineba da Nimrud na ƙasar Iraƙi bayan ɓarnar 'yan IS, har a tudun Annabi Yunus da ke Mosul, inda aka rushe masallacin a 2014 kuma akwai fadar Assuriyawa a ƙarƙashinsa. Ka sa shi a takardar neman gurbi, ka faɗi matakin da ka kai a karatu da magana.