Rile na ƙara, sigina ba ta wucewa

Ka ce min, "Oga, allon rilen da na sayo a kasuwar Computer Village ta Ikeja na jona shi da kwamfuta ta USB. Ina ba shi umarni ina jin ƙat, fitilarsa na kamawa, amma siginar na'urar auna zafi yanzu ta wuce, an jima shiru. Ko jabu aka sayar min?"

Ba jabu ba ne, yaro. Rile dai makunni ne da wuta ke kunnawa da kashewa, ba hannu ba. Aikin da ka ba shi ne ba nasa ba. Duba jikin shuɗin akwatin nan, wato rilen kansa, an rubuta 10A 250V. Wannan iyakar sama ce, ita kowa ke karantawa. Akwai ta ƙasa kuma, wadda sai a takardar bayanin kamfani ake samunta, wato mafi ƙanƙantar wutar da rilen zai wuce da ita ba tare da gardama ba.

A cikin akwatin akwai baki biyu na gamin azurfa, su ke haɗuwa idan koyil, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu, ya ja. Azurfa kuwa ka san halinta, ko zobe ne ya kwana biyu sai ya yi baƙi. Sinadarin farar wutar da ke cikin iska ce ke jawo haka, mu kuma a Legas ga hayaƙin janareta da na motoci, ga danshi dare da rana. Dattin da ke kwanciya a bakin siriri ne ƙwarai, amma yana tare hanya. In fanka ko famfon ruwa ka ɗora, ɗan tartsatsin da ke tashi wajen buɗewa da rufewa shi ke ƙone shi, bakin ya wanke kansa. Taka siginar 'yan milibolt ce, ina ta ga ƙarfin huda shi? Sa mita a wajen ohm, inda take auna yadda hanya ke tare wuta, ka yi ta buɗewa da rufewa, in bakin ya yi datti za ka ga lambar ba ta tsayawa wuri guda.

Abin da za ka nema rilen sigina ne, mai shafen zinariya a baki, domin zinariya ba ta baƙi. G6K na Omron, alal misali, takardarsa ta sauko har mikro'amfiya 10 a kan milibolt 10. Akwai kuma wanda bakinsa ke rufe ruf cikin 'yar kwalba, iska ba ta taɓa shi. Sai dai ka kiyaye, zinariyar shafe ce kawai. Ka ɗora mata kaya mai nauyi sau ɗaya don gwaji, ta ƙone, shi ke nan. In kuma wani a kasuwar Alaba ya miƙo maka rile marar ƙara na wutar gida ya ce ai duk ɗaya ne, ka ajiye masa. Wancan ko a kashe yake yana ɗan yoyon wuta, zai ɓata maka awo.

Sai batun ciyar da allon. USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, koyil ɗaya na cin kusan 70. Kunna takwas tare, ka haura 500, sai kwamfuta ta yar da allon ka hau zargin manhaja. Ka ba koyil caja mai bolt 5 tasa daban. In allon na da 'yar gada a wajen da aka rubuta JD-VCC, cire ta, don ɓangaren kwamfuta ya rabu da na koyil.

Bakin rile yana 'yar rawa kafin ya zauna, saboda haka ka sa manhajar ta dakata kamar milisakan 20 kafin ta karanta. Kada kuma in ga wayar wutar gida mai bolt 230 da ta sigina a allo ɗaya, ko sun bi bututu ɗaya. Gobe ka zo da takardar na'urar auna zafin, mu ga nawa take fitarwa kafin ka sake kashe kuɗin mota zuwa Ikeja.