Digirinka yana da kyau, amma tsaya ka ji

Jiya bayan la'asar, da muka sallami yara, ka ce mini: "Malam, ni da nake da digirin Fiziks, sai na ƙara takardar koyarwa kafin iyaye su ba ni 'ya'yansu lesin?" Na ce ka bari sai na samu natsuwa. To ga amsarka, ƙanena.

Ni da NCE na fara, shekara uku a kwalejin ilimi, Lissafi da Fiziks a haɗe. Digiri daga baya ya zo, ina koyarwa ina karatu. Ranar da na fara riƙe alli ban kai ka zurfin karatu ba, wannan babu gardama. In aikin makaranta kake so, je ka yi PGDE, difilomar koyarwa ta masu digiri, a jami'a ko ta NTI, cibiyar horar da malamai da ke Kaduna, sannan ka yi rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don tantance malamai. Ba za ka yi asara ba. Sai dai uban da ke biyan kuɗin lesin sau ɗaya zai duba takardarka, daga nan sakamakon ɗansa zai riƙa dubawa.

Ka tuna yarinyar nan da ta haɗa 1/2 da 1/3 ta samu 2/5? Ka ja mata jan biro, ka rubuta 5/6, ka wuce. Amsarka daidai ce, amma gobe ma haka za ta yi, domin ba ka gano inda ta ɓata ba: na sama ta haɗa da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Da na karɓi littafin cewa na yi da ita, "An ba ki rabin lemo, an ƙara miki sulusi, sai kika tashi da abin da bai kai rabi ba?" Ta rufe baki tana dariya. Sai bayan nan muka yanka lemon gida shida a kan allo, ta ƙirga uku da biyu da kanta. Haka alamar ragewa take. Yaron da -3 - 5 ke rikita shi, ka ce ana binsa naira 300, ya ƙara cin bashin 500. Ɗan da ke taya ubansa zaman shago ba zai taɓa ce maka 200 ba.

Sannan ka san jarrabawar da kake shirya su dominta. A takarda ta biyu ta Lissafin WAEC tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma hanyar aiki tana da makinta daban da na amsa. Wanda ya rubuta amsa tsurarta ya zubar da maki ko da ya dace. JAMB kuwa ba ruwanta da hanyarka. Tambaya 180 ta darussa huɗu a haɗe cikin awa biyu, a kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Yaro ɗaya za ka koya wa bi a sannu da kuma sauri, kada ka cakuɗa masa su a zama guda.

Kada kuma ka ce ba mu da ɗakin gwaji. Zare mai tsawon mita ɗaya, ɗan dutse a ƙarshensa, ƙusa a jikin ƙofa, da agogon wayarka. Lilo 20, zuwa da dawowa, zai ɗauki kusan daƙiƙa 40, yaro ya fitar da 9.8 ɗin nan na ƙarfin jan ƙasa da ya daɗe yana haddacewa, ko abin da ya yi kusa da shi. (In iska na kaɗawa, rufe taga, na sha jin kunya a gaban yara saboda wannan.)

Ranar Asabar kai za ka ɗauki 'yan aji biyar, ni zan zauna a baya ba zan ce uffan ba. Ka zo da sabon littafi mai shafi 40, duk kuskuren da ka ga yaro ya yi ka rubuta shi yadda ya yi shi, kada ka gyara. Bayan magariba sai mu duba tare.