Tambayi Likita: Hajiya ta daina cin abinci tun bayan takaba

Tambaya: Likita, tun da Baba ya yi ritaya ya zama mafaɗaci, ko majalisa ya daina fita. Tsufa ne? (Daga Gusau)

Amsa: Tsufa kaɗai ba ya raba mutum da majalisarsa. Wanda ya saba ana jiransa a ofis, yau ba mai neman shawararsa, ga fansho ba ya zuwa a kan kari, damuwa kan kama shi. Ku riƙa shawara da shi. In ya wuce mako biyu a haka, ku kai shi asibiti.

Tambaya: Maganin ciwon damuwa yana sa maye? (Daga Maraɗi)

Amsa: A'a. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ba a yanke shi sai da izinin likita.

Tambaya: Tun da Hajiyarmu ta fita takaba take kwance a ɗaki, tuwo sai a ɗauke shi yadda aka ajiye, tana cewa gara ta bi Alhaji. An ce iska ce, ana mata hayaƙi, mai kemis kuma ya ba mu ƙwayar barci. (Daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Alhaji. Don Allah ku daina hayaƙin nan yau. Tsohuwar da ba ta ci ba ta sha, a rufe ta da mayafi a turara mata hayaƙi? Huhunta ake ƙonawa! Ƙwayar barci irin diazepam kuwa jiri take sa tsofaffi, su faɗi a banɗaki su karya ƙugu.

Alamun da kika faɗa na ciwon damuwa ne. Ki duba abin da ta rasa: abokin zaman shekaru, mai kawo cefane, girkin da take tashi dominsa. Masu ta'aziyya sun watse, 'ya'ya kowa yana garin da yake aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffi suna fama da kaɗaici. Wannan ba raunin imani ba ne, kada kowa ya ce mata ta kasa tawakkali.

Maganar mutuwar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakinta. Ku kai ta asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Za a auna jininta, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kawo irin wannan mutuwar jiki.

Addu'a ku ci gaba da yi. A turo mata jika ya riƙa kwana a ɗakin, a ci abinci tare da ita a kwano ɗaya. Amma asibitin, kada ya wuce gobe da safe.