Haɗa kwamfutar wasa: gyara jerin nan kafin ka biya kuɗi

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa kwamfutar wasa don allo mai 1440p, ka kawo jerin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i9-14900K na Intel, da katin hoto RTX 4060, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) guda ɗaya mai 16GB, sai akwatin wuta (mai raba wa kayan kwamfuta lantarki) ko wane iri aka samu, kana tambaya ko haɗin ya yi. Gaskiya bai yi ba. Kuɗin ya taru a inda wasa ba ya buƙatarsa.

Katin hoto shi ke ɗaukar mafi yawan aikin wasa, kuma aikin yana ƙaruwa ne da yawan ɗigon da ke kan allo. Allo mai 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ne, mai 1440p kuwa kusan miliyan 3.7. RTX 4060 ma'ajiyarsa 8GB ce kawai. Sababbin manyan wasanni a 1440p suna cika ta, daga nan sai ka ga hoto yana tsinkewa, bango da tufafi suna fitowa a dishe. Furosesan da ka kashe wa kuɗi kuma yana zaune yana jiran katin. Ka sayi ingarman doki ka ɗaura masa amalanke ke nan.

Ka sauko zuwa furosesan AMD, Ryzen 5 7600 ko 9600X, masu ƙwaya 6, wutar da aka rubuta musu wat 65. Rarar ka zuba ta a kati: RX 7800 XT ko RX 9070 masu 16GB, ko RTX 5070 mai 12GB. Idan wasannin gasa na harbi ne suka fi yawa a hannunka, inda ake neman hoto 240 ko fiye a daƙiƙa, a nan furosesa yana da ta cewa, kuma Ryzen 7 7800X3D ya fi dacewa saboda ma'ajiyarsa ta kusa mai 96MB. Shi i9 ɗin yana iya jan wat 253, dole ka ƙara kuɗin babban abin sanyaya. Ga shi soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa, LGA1700, ya zo ƙarshe, alhali AMD ta ce za ta ci gaba da nata soket ɗin, AM5, wanda Ryzen ɗin nan ke hawa, har 2027 ko fiye.

Madabod, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai, samfurin B650 ta wadatar. Sai dai AM5 ba ta karɓar RAM irin DDR4 ko kaɗan, DDR5 kawai. Idan 9600X ka ɗauka, ka nemi madabod mai maɓallin sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod, mai tayar da kwamfuta) ta filasha ba tare da furosesa ba, domin tsohuwar BIOS ba za ta gane shi ba.

RAM guda ɗaya kuskure ne da ke cin mutane da yawa. Furosesa yana magana da RAM ta layi biyu, guda ɗaya kuwa rabin hanyar ta buɗe. Ka sayi guda biyu a kwali ɗaya, 16GB kowacce, DDR5-6000 CL30. Ka sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa, ka danna har ka ji ƙas. Bayan ta tashi ka shiga BIOS ka kunna EXPO, saitin da ke kai RAM ga cikakken gudunta na 6000, in ba haka ba a kan 4800 za su tsaya. SSD (ma'ajiyar fayiloli da wasanni) irin NVMe mai 1TB shi ne mafi ƙaranci, tunda wasa ɗaya yanzu yana iya haura 100GB.

Akwatin wuta shi ne wurin da nake roƙonka kada ka yi rowa. Mara kyau yakan kashe kwamfuta a tsakiyar wasa idan katin ya fizgi wuta farat ɗaya, kuma in ya ƙone yana iya tafiya da madabod da katin. Wat 750 daga sanannen kamfani mai dogon garanti ya ishe wannan haɗin. Tambarin 80 Plus Gold yana nuna ƙarancin asarar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne. Kada ka taɓa sa wayar wani akwatin a wani ko da bakin ya shiga, tsarin wayoyin ya bambanta, nan take sai abu ya ƙone. Katin da ke da fulogi mai fil 16, ka tura shi har ƙarshe ba tare da ko siririn gibi ba, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da bakin. Rashin shiga sosai yana cikin abin da ya narkar da fulogin RTX 4090 a 2022.

Wajen haɗawa, ka fara a kan kwalin madabod kafin ta shiga gidan kwamfutar: furosesa, RAM, SSD, sannan abin sanyaya. A AM5 filolin suna cikin soket ne, guda 1,718, sirara ƙwarai. Ka daidaita alamar kusurwa uku, ka ajiye furosesan a hankali, kada ka danna. Ka ɓare ledar da ke ƙasan abin sanyaya, mantawa da ita ke sa zafi ya haura digiri 90 cikin mintuna. Man sanyaya ɗigo ɗaya a tsakiyar saman furosesa ya isa, ka ɗaure sukurori ɗaya bayan ɗaya ta kusurwa da kusurwa. Kafin ka sayi gidan ma, ka gwada tsawon katin da tsayin abin sanyaya da ma'aunin da aka rubuta masa. Ka tabbata ƙananan ginshiƙan da madabod ke zama a kai sun yi daidai da ramukanta, guda ɗaya a wurin da babu rami yana iya haɗa wuta ta baya.

Idan ka kunna allo ya yi baƙi, kada hankalinka ya tashi. DDR5 takan ɗauki 'yan mintuna a tashin farko tana daidaita kanta. In ta wuce haka, duba fulogi mai fil 8 na furosesa da ke saman madabod, ka sake zaunar da RAM, ka kuma tabbata wayar allo a jikin katin hoto take, ba a madabod ba. Bayan ka sa Windows da direban katin, ka shiga saitin allo ka ɗaga saurin sabunta hotonsa daga 60Hz zuwa 144 ko 165 ɗin da ka saya, domin sau da yawa ba ya hawa da kansa.