Za a iya halatta wiwi da ƙuri'ar jama'a a Zamfara?

Tambaya: Barista, samarin unguwarmu sun dage cewa a Amurka jama'a ne suka jefa ƙuri'a aka halatta shan wiwi, wai mu ma da za a yi zaɓe da tuni ta halatta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Malam, a kan Amurka samarin sun yi gaskiya, a kan Najeriya kuwa sun yi kuskure.

A watan Nuwamba na 2012 mutanen jihohin Kolorado da Washinton suka amince da shan wiwi don nishaɗi ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, Kalifoniya ta biyo baya a 2016. Abin da ya ba su dama shi ne tsarin mulkin wasu jihohin can ya yarda talakawa su tara sa hannu, in adadin ya cika a buga tambayar a takardar zaɓe, ba sai an bi ta majalisa ba. Kuma ba sakin ta aka yi sakaka ba. A Kolorado dokar 2012 ta ce sai wanda ya kai shekara 21, ba zai riƙe abin da ya wuce kimanin giram 28 ba, mai sayarwa sai da lasisi da haraji mai nauyi. Duk da haka dokar gwamnatin tarayyar Amurka ba ta halatta shan ta don nishaɗi ba.

Ba kullum ƙuri'ar ke wucewa ba ma. A Niyu Zilan an yi a 2020, masu cewa a'a suka yi rinjaye da ƙyar. A Fulorida a 2024 kusan kashi 56 cikin 100 suka ce e, amma doka ta gindaya kashi 60, maganar ta faɗi. Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018 kuwa majalisa ce ta yi dokar.

Mu dawo gida. Tsarin mulkin 1999 bai buɗe wa jama'a ƙofar yin doka da ƙuri'arsu ba. Raba gardama ana yin ta ne a kan abubuwa ƙidayayyu: ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma, da yi wa ɗan majalisa kiranye. Sannan sha'anin ƙwayoyi yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka. Wato ko majalisar dokokin jiha da ke Gusau ta so, ba ta da ikon halatta abin da dokar wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA a 1989 suka haramta. Balle kuma jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a 2000, inda hukuncin duk abin da ke sa maye sananne ne. Wane ɗan majalisa ne zai kai wannan ƙudiri ya koma mazaɓarsa?

An taɓa tayar da maganar a ƙasar nan. Marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya nemi a yarda a noma ta don haɗa magani da fitarwa waje, shugaban NDLEA Buba Marwa kuma ya sha nuna adawarsa da halattawa. Rahoton 2018 na binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, ta yi tare da gwamnati ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, alhali wuraren kula da masu shaye-shaye ba su taka kara sun karya ba. Ni a ganina duk wanda ke son a tattauna sassauci, daga nan ya kamata ya fara.

Ka kuma tuna wa samarin cewa ƙuri'a hukuncin kamu da ɗauri take sauyawa, ba ta taɓa abin da hayaƙin ke yi wa ƙwaƙwalwar matashi. Wanda aka kama da ita a Gusau yau, a gaban Babbar Kotun Tarayya NDLEA za ta gurfanar da shi.