Mene ne tushen hare-haren da ake kai wa Musulmin Indiya?

Tambaya: Malam, kashe-kashen da ake yi wa Musulmi a Indiya tsohuwar gaba ce ta addini kawai, ko akwai hannun 'yan siyasa?

Amsa: Ɗan'uwa, gabar tana da tarihi, amma a ganina siyasa ce ke hura wutar, domin rikicin yana kawo ƙuri'a. Aƙidar Hindutva, wadda ɗan siyasar Hindu V. D. Savarkar ya tsara a 1923, ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ƙasarsa mai tsarki, ma'aunin da ya mayar da Musulmi baƙo a gidansa tunda alƙiblarsa tana Makka. A kan wannan tunani aka kafa RSS, ƙungiyar 'yan kishin Hindu, a birnin Nagpur a 1925, kuma daga tsatsonta jam'iyyar BJP ta fito.

A zaɓen 1984 BJP kujeru 2 kacal ta samu a majalisar ƙasa, amma bayan ta rungumi fafutukar gina wurin bautar Rama, ɗaya daga cikin ababen bautar Hindu, a filin Masallacin Babri da ke garin Ayodhya, sai ta samu 120 a 1991. Ranar 6 ga Disamba 1992 gungun mutane suka hau kan masallacin da guduma da diga suka rushe shi a gaban 'yan sanda, kuma kimanin mutum 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rikicin jihar Gujarat a 2002. Bayan gobarar jirgin ƙasa a Godhra ta halaka Hindu 59, sai aka far wa unguwannin Musulmi, kuma alƙaluman gwamnati sun ce Musulmi 790 da Hindu 254 ne suka mutu. A Ahmedabad maƙwabta sun fake a gidan tsohon ɗan majalisa Ehsan Jafri suna zaton girmansa zai kare su. Ya yi ta buga waya yana neman agaji, har aka kashe shi cikin mutum 69. Gaskiya ne kwamitin binciken da Kotun Ƙoli ta naɗa bai samu hujjar gurfanar da Narendra Modi na BJP, shugaban gwamnatin jihar a lokacin rikicin, ba. Sai dai a Disambar 2002 BJP ta lashe kujeru 127 cikin 182 na majalisar jihar.

Rashin hukunci shi ke ba maɓarnata ƙwarin gwiwa. A 2020 kotu ta wanke duk mutum 32 da aka tuhuma da rushe Babri. Mutum 11 da aka ɗaure kan yi wa wata Musulma, Bilkis Bano, fyaɗe da kashe danginta a rikicin 2002 kuwa, gwamnatin Gujarat ta sake su a 2022, aka tarbe su da furanni, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta umarci a mayar da su gidan yari.