Me ya sa CJ ya koma kamar ɗan roba a sabon GTA San Andreas?

Ka tambayi dalilin da ya sa fuskar CJ, jarumin wasan, ta fi kama da mutum a wasan na'urar PlayStation 2 (PS2) na 2004 fiye da a Definitive Edition, sabon fitowar wasan na 2021, alhali an ce hoto ya ƙara kyau. Wani ɓangare na matsalar daga haske yake.

A tsohon, inuwar ƙasan ido da ta gefen hanci fenti ne da aka zana a jikin hoton fatar. Ga kuma jan hazon nan na Los Santos, birnin da wasan ya fara, da ke rufe kaifin kusurwoyi, tsohuwar talabijin ta ƙarasa sauran. Sabon kuwa a kan injin gina wasa na Unreal Engine 4 yake, injin ne ke lissafa inda haske ya faɗa nan take. Fatar da ba a yi mata ƙananan ramukan gumi da ƙurji-ƙurji ba sai ta mayar da haske bai ɗaya, goshi da kumatu su yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. An gyara haske da ƙirar jiki, an bar tsohon tsarin motsin gaɓoɓi, shi ya sa kafaɗa da gwiwar hannu ke lanƙwashewa ba tsari.

Ka sabunta wasan, ka shiga saitin hoto ka kunna Classic Lighting, wato hasken tsohon wasan, da aka ƙara a Nuwamban 2024. Hazon zai dawo, ƙyallin ya ragu, amma ƙirar jikin tana nan yadda take.